Taswirar Taka Tana Ina, Yallaɓai?

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. "Wai yanzu ajiye fayil a kwamfuta ma sai an yi mana wa'azi? Mu da muke haɗa taswirar ƙaramar hukuma guda cikin dare ɗaya?" To madalla, Allah ya ƙara basira. Tambaya ɗaya ce da ni, ku amsa tsakaninku da Allah: taswirar da kuka haɗa bara, in aka ce ku buɗe ta yau a kwamfutar wani, za ta buɗu? Ga shi har an fara sosa ƙeya.

Bari in fara da kai, ƙanena mai sabon digiri, gwanin QGIS. Oga ya ce ka turo aikin, ka ɗauki fayil ɗin nan mai wutsiyar .qgz ka cilla masa ta WhatsApp, ka yi kwanciyarka. Da safe ya buɗe, sai ga akwati yana jero masa shimfiɗun da aka nema aka rasa: hanyoyi babu, rijiyoyin burtsatse babu, iyakokin mazaɓu babu. Kai kuma ka ce ai kwamfutarsa ce ta tsufa. Ka bar baiwar Allah ta huta. Kundin aikin da ka tura ba ya ɗauke da bayanan taswirar. Abin da ke cikinsa adireshi ne da kwalliya: shimfiɗa kaza tana folda kaza, a shafa mata shuɗi, a ɗora ta bisa waccan, a rubuta sunayen garuruwa da manyan baƙi. Takardar jerin kayan lefe ka aika gidan amarya, akwatunan suna nan ƙarƙashin gadonka. Masu ArcGIS Pro, ku daina murmushi, naku .aprx ɗin halinsu ɗaya. Ku dai jar alama yake kafa muku a gefen kowace shimfiɗar da ta ɓace.

"Ai QGIS na da wayo, yana rubuta adireshi daga inda kundin yake zaune." Gaskiyarka, haka yake yi in ba ka canza masa ba. Amma wayon yana amfani ne idan kundin da bayanan suna cikin folda ɗaya, yadda za a kwashe su gaba ɗaya. Kai kuwa hanyoyinka suna inda intanet ta sauke su, rijiyoyin suna cikin filashin abokinka, iyakokin suna fuskar kwamfuta tsakanin hotunan suna da takardar neman aiki. Wane wayo ne zai tattaro wannan?

Sai ke, Hajiya, da kika ce ke kam bayanan kike turawa, ba kundi ba. Sannu da ƙoƙari. Wanne kika tura? "Shapefile ɗin mana." Guda nawa? "Guda ɗaya, mai .shp." Inna lillahi. Wannan tsari da kamfanin Esri ya fito da shi tun shekarun 1990 ba ya tafiya shi kaɗai. Dole .shp ya tafi da .shx da .dbf, kuma in babu .prj manhajar ba ta san ko a wane sashe na duniya za ta ajiye zanen ba. Siffar filayen tana cikin na farko, sunayen masu su da lambobinsu suna cikin .dbf. Ga rowar haruffa: sunan shafi a teburinsa ba ya wuce baƙi 10. Ki rubuta yawan_mutane_2023 da yawan_mutane_2024, ya datse su ya miƙo miki yawan_muta da yawan_mu_1, ki zauna kina canki-canka. Ƙaraye da Ɗambatta kuwa, in ba a dace da tsarin haruffan ba, sai baƙinsu na farko ya koma alamar tambaya. Tun 2014 aka amince da GeoPackage, fayil guda da ke haɗiye shimfiɗu da yawa har da kwalliyarsu, kuma shi QGIS ke fara miƙowa tun fitowar zubi na 3 a 2018. Amma sabo ya hana ki.

Yanzu ga babban mai gardama, Baba safiyo, wanda ya auna filaye da sarƙa tun ana biyan albashi da fam. Ranka ya daɗe, na san ka fi ni sanin ƙasa. Ka ce ku a zamaninku durowa ce da lamba, ba a taɓa ɓatar da takarda ba. To ai maganata kenan, Baba: tsarin durowarka nake roƙon jikokinka su kwaikwaya. Kuma kai ne shaidata a kan abin da ya fi komai haɗari. Tsofaffin taswirorin safiyon Najeriya an gina su ne a kan ma'aunin Minna, shi kuwa GPS ɗin da ke wayar kowa da WGS 84 yake lissafi. Lambobi iri ɗaya a ma'aunan biyu suna iya nuna wurare biyu da ke da tazarar gomman mitoci. A taswirar jiha ba za a ko lura ba. A fuloti kuwa, wannan tazarar ta isa ta kai katangar wani tsakar gidan maƙwabcinsa, daga nan sai kotu. Ofisoshin filaye irin AGIS a Abuja, da KADGIS a Kaduna, da KANGIS a Kano, duk sai sun haɗa tsohon awo da sabo, don haka fayil ɗin da bai faɗi ma'auninsa ba fitina ce a kwance.

Ba a nan ta tsaya ba. A tsarin UTM, Najeriya ta ratsa yanki uku: Sakkwato na cikin na 31, Kano na 32, Maiduguri na 33. Ka laƙaba wa shimfiɗa yankin da ba nata ba, ta yi hijirar ɗaruruwan kilomitoci. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne musanya lambobi. Kano tana wajen digiri 12 arewa, 8 da rabi gabas. Juya su, sai Kurmi da Dala su sauka kudancin Adamawa, wajen Ganye. Da a teku suka faɗa, da kowa ya gani, kamar yadda ɗigon da aka bar wa sifili da sifili ke tarewa cikin ruwa kudu da Gana. Amma tunda suna cikin ƙasa, sai a buga, a manna a bango, a kira taro. Tsohuwar manhajar GRASS, wadda injiniyoyin sojan Amurka suka faro a 1982, ba ta wasa da wannan: kowane fagen aiki ma'auninsa ɗaya tak, baƙon bayani sai an juya shi kafin ya zauna. Halin soja dai.

"To duk wannan wa ya taɓa amfana?" Ɗanka. Daga wajen 2012, masu yaƙi da shan inna a jihohin Arewa suka koma zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, suna ɗora sawun wayoyin masu rigakafi a kai don a ga inda aka shiga da inda aka tsallake. An gano matsugunan da taswirar hannu ba ta san da su ba. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Ka yi tunanin aikin a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774, inda kowane gari ke da Sabon Gari da Tudun Wada, ga Nassarawa a Kano ga Nasarawa jiha guda, ga Bassa a Filato ga Bassa a Kogi. In ba a ba kowane wuri lambarsa ba, aka dogara da suna, sai a aika allurar wani gari zuwa wani.

Abin da nake nema bai kai kuɗin kati ba. Kowane aiki a ba shi folda uwa guda, kundin ya zauna a bakinta. A ciki a ware ɗanyen bayani yadda ya zo, kada a taɓa shi. A ware wanda ake sarrafawa. A ware abin da aka fitar don bugawa. A ajiye 'yar takarda mai faɗin inda kowace shimfiɗa ta fito, da ranar, da ma'auninta. Iyakoki da hanyoyin da duk ofis ke amfani da su kuwa a tara su wuri ɗaya, kowa ya ɗebo daga can, maimakon kwafi bakwai da ba wanda ya san na gaskiya. Sannan don Allah a riƙa sa kwanan wata a sunan fayil. Na gaji da ganin taswira_ta_ƙarshe, da ta_ƙarshe_sabuwa, da ta_ƙarshe_wallahi.

Na ji ka, yallaɓai darakta: "Mu ba mu da matsala, akwai yaron da ya san inda komai yake." Wane yaro? Ɗan bautar ƙasan nan mai laftof ɗin kansa? Wata mai zuwa yake karɓar takardar sallama, kuma na ji ana cewa ɗan Kalaba ne.