Da Safe Mai Sayarwa, Da La'asar Mai Saye

Dillalin gidaje a Kano baki biyu gare shi, ɗaya na safe, ɗaya na la'asar. Yawancin mutane ɗaya kawai suke ji, don ko sayarwa ta kawo su ko saye. Ni da na haɗa biyun a ƙarshen 2022, dillali guda ya riƙa yi mini huɗuba iri biyu a yini ɗaya. Da hantsi, a ƙofar gidana na Kurna, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, kasuwar gida ta mutu, ba kuɗi a gari. Duk abin da aka taya, ka sallama kawai." Da la'asar kuma, a Ɗorayi, a ƙofar gidan da nake so, sai ya kama hannuna ya ce, "Malam, ka san kuɗin siminti kuwa? Gida sai tashi yake. In ka kwana ba ka biya ba, gobe wani ya ɗauke." Na tambaye shi yadda kasuwa take mutuwa da safe ta farfaɗo da yamma. Ya ce ai Kurna daban, Ɗorayi daban.

Yara ne suka girma, ɗakuna suka yi mana kaɗan, kuɗin sabon gida kuwa suna manne a bangon tsohon. Dillali ya ce wannan ba komai ba ne, rana ɗaya za a gama: in karɓa da dama, in miƙa da hagu, kafin magariba ina alwala a sabon tsakar gida.

Mutum ɗaya na faɗa wa ina sayar da gida. Ranar da aka zo gani, dillalan da suka rako mai saye sun fi iyalina yawa. Akwai wanda ya ji labari, da wanda ya ba shi labarin, da mai lambar wayar mai sayen, da wani dogo da duk aikinsa shi ne ya nuna musu lungu, kuma har shi ya kafa hula yana jiran rabonsa na la'ada. Tun daga nan gidana ya zama hanya. Maiɗakina na cikin tuƙa tuwo za a rangaɗa sallama, "A gyara, za a shigo ganin gida!" Su ƙwanƙwasa bango, su leƙa rijiya, su ɗaga kai su ce kwano ya yi tsatsa, wani ma ya buɗe banɗaki ya yi tsaki. Haushi ya cika ni, in sa babbar riga in tafi Ɗorayi in ƙwanƙwasa bangon wasu, in yi nawa tsakin.

A ƙarshe wani Alhaji ɗan Kantin Kwari ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na sallama. Aka yi rubutu gaban mai unguwa da shaidu, ya ba da kafin alƙalami. Kuɗin ko ɗumin aljihuna ba su ji ba na kai su Ɗorayi, na ba da nawa kafin alƙalamin a kan naira miliyan 16. Sai bayan an shafa fatiha dillali ya ce, kamar wanda ya tuna da ƙaramin abu, "Af, gidan fa na gado ne."

Marigayin ya bar mata biyu da 'ya'ya cike da tabarma, kuma kowa sai ya sa hannu. Babban ɗan yana Legas, wayarsa kullum a kashe. Na garzaya wurin wani abokina lauya don ya kwantar mini da hankali, shi kuwa ya ƙara tayar da shi. Ya ce a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha duk tana hannun gwamna ne, abin da nake saye izinin zama ne, kuma ko satifiket na samu, yawanci shekara 99 ake rubutawa. Na ce wato duk wannan zufar da nake yi, haya nake nema? Ya ce in na cika 99 ɗin in dawo, shi zai sabunta mini kyauta.

Ana cikin haka canjin kuɗi ya kankama. Aka ce tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Alhajina, da a da sai na yi ta sintiri kafin ya ɗaga waya, sai ga shi da kansa da daddare, yaransa na sauke buhuna daga but. Cikon kuɗina ne cif, duk tsofaffi, wasu har warin atamfa suke. "Malam, ni ba na son riƙe haƙƙin mutum," in ji shi. Na kwana zaune a kan buhu da taɓarya a hannu. Da asuba na bi layin banki, na sha rana da turereniya, na samu na zuba su.

Yanzu ga kuɗi a asusu, sai dai ba sa fitowa. Matasan magada suka ce a tura musu ta waya, ba su da matsala. Amma uwargidan marigayin, tsohuwa mai carbi, ta ce sam. Tumunin takaba na miliyan 16 miliyan 2 ne, ita da abokiyar zamanta kowa miliyan ɗaya, kuma nata a tafin hannu take so.

"Inna, ai za ki ji alat," na ce.

"Ɗan nan, alat ɗin ne zan ƙulle a bakin zane? Gidan mijina ba da ƙarar waya aka gina shi ba."

A lokacin, in ka yi sa'a ka isa gaban kanta, naira 20,000 ake ba mutum a rana. Na buga lissafi: kwana 50 ina layi, ban da Asabar da Lahadi, ban da ranar da za a ce ba netwok. Masu POS kuwa, abin da suke yanka a kan kowace dubu goma ya isa a yi cefane.

Shi kuma Alhaji ya biya, gida ya zama nasa, kuma ashe amarya zai saka. An riga an sa rana. Wata safiya muna karyawa mai fenti ya shigo da bokiti da tsani, ya gaishe ni da ladabi, ya ce in ɗan janye tabarma. Ɗakin da na yi shekaru ina kwana ya koma ruwan hoda ina kallo. Da 'yan jere suka zo auna labule, wata a cikinsu ta dube ni ta tambayi 'yar'uwarta ko ni ne maigadi. A daren maiɗakina ta ce, "Baban yara, ka sayar da gida, ka sayi gida, to mu a wanne muke?"

Na kwashe ta da yara da kwanuka na kai gidan iyayenta, ni kuma na raɓa a zauren ƙanena tsakanin katifu da firiji. Unguwa ta ga a-kori-kura ta ɗebi gado da akwatuna ta nufi gidan surukai, magana ta gama gari. Kafin Juma'a kawuna ya iso da dattawa biyu da ƙullin goro, za su raka ni biko. Na rantse lafiya muke, ya ce duk mai saki haka yake cewa. Dole na bi su. Surukina, wanda ya san komai, ya karɓi goron, ya saurari ban-haƙuri har ƙarshe, sannan ya yi mini nasiha mai tsawo a kan riƙon iyali, yana danne dariya da gefen rawani.

Zaɓen 25 ga Fabrairu ne ya kawo ɗan Legas gida, dillalai suka tare shi da biro tun bai wanke tawadar yatsa ba. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, bankuna suka fara fito da su. Na koma layin da na bi na zuba su, na bi shi na karɓo su. Inna ta baje su a kan sallaya tana lasar yatsa tana ƙirgawa, ta ware wata ɗari biyar mai yagaggen kunne ta ce a canzo. Dillali ya karɓi la'adarsa ta Kurna, ya karɓi ta Ɗorayi, ya kuma nemi na goro don wahalar da ya ce ya sha.

Mun tare a farkon azumi. Washegari bayan sahur, na ɗan kishingiɗa ke nan, gida ya ɗauki rugugi har kwanuka na rawa. Shagon da ke jikin zaure, wanda kullum na zo gani da la'asar nake tarar da shi a kulle, ashe na mai injin markaɗe ne, kuma da safe yake aiki. Ya fito mini da rasit mai sa hannun marigayi, ya biya haya har ƙarshen 2024. Maiɗakina ta shirya da shi tun a makon farko, kyauta yake yi mata markaɗen wake da kayan miya. Mitar wuta kuwa ɗaya ce da gidan da shagon, kuma ni nake sayen kati.