Sallamar Babbar Kwamfuta

A manyan kwamfutocin IBM, irin waɗanda bankuna ke dogara da su, gaisuwar da ke tarbar ma'aikaci a allo ita ce saƙo na 10 a teburin saƙonni na USS na VTAM, manhajar da ke haɗa allon da kwamfutar. Sai maigida ya ce a sa mata tambarin kamfani, ai aikin minti biyar ne. Ina! Allon ma'aikacin, wato 3270, yawanci layi 24 ne, kowanne gurbi 80. Injiniya zai ƙirga mazaunin rubutun da yaren Assembler, ya harhaɗa, ya loda. In ya kuskure lissafi, "Barka da zuwa" ta karye gida biyu. Shi kuwa ma'aikacin da aka sha wahalar dominsa ko kallo ba ya yi. TSO, sunan manhajar da zai shiga, yake bugawa ya danna Enter.