Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ruwa a Duwatsun Adar

Na ɗaya, wanda ya zo Keita neman igiyar teku ya makara da shekara wajen miliyan 60. Teku ya taɓa rufe yankin nan, shi ya bar farar ƙasar da ake siminti da ita a Malbaza. Abin da ya rage wa mai kyamara yau shi ne korama a watan Agusta, sa'ad da ruwa ke gangarowa daga tudu ja wur, yana dukan dutse, yana tafe da itace da kara.

Na biyu, hanya. Baƙon da ya shiga motar kasuwa daga Madawa zuwa Buza a wata damina ya ji "yanzu za mu tashi" tun hantsi, ba a tashi ba sai bayan azahar. Buhu a ƙarƙashinsa, akuya a kan ƙafarsa, jakar kyamara a cinyarsa kamar jariri. Can gaba korama ta yanke hanya, motoci suka yi layi, direba ya kashe inji ya ce, "Alhaji, sai ruwa ya sauka." Ga ruwa na ruri, ga hasken la'asar a kan dutse, ga hoton da aka zo nema tun daga Maraɗi. Salula kuwa ta mutu tun ɗazu, ta ƙarar da cajinta wajen neman rezo.

Na uku, silifa ba ta hawa dutsen Buza.

Sai samarin da ke shiga tsakiyar korama su ɗauki kansu hoto. Wannan abin yana ci wa mutum rai ƙwarai. Sama na iya zama garau a inda suke, alhali an tafka ruwa can kan tudu, ya taho ba sallama. Wani dattijo ya yi ta kira, "Kai yaro, fito! Ruwan nan bai san ɗan kowa ba!" Sai da ya ɗaga sanda kafin su fito.

Kuma kowa ruwa yake ɗauka, ba mai juya kyamara ga jerin duwatsun da ke kan gangare. Tun 1984 aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da hannun FAO, ya shiga yaƙi da zaizayar ƙasa, kuma mata ne akasari suka yi dakon dutsen nan a ka, ana biyansu da abinci. A kwarin Majiya ma layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 suna nan suna tare iska.

Na huɗu ne ko na biyar, a goge gilashin kyamara. Can a hanyar Buza kuwa, kafin magariba ruwan ya janye, aka tura mota ta haye, wani manomi na tsaye a bakin gaɓa yana ƙirga kunyoyin geronsa da suka tafi.