Ɗabi'un Masu Kwana a Horombo

Duk wanda Allah ya nufa da hawan Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya ta hanyar Marangu, wadda ita kaɗai ce aka gina wa ɗakunan kwana maimakon tantuna, lalle ne ya yada zango a masaukai uku: Mandara cikin kurmi, Horombo a bisa mita 3,720, sa'an nan Kibo a wajen mita 4,700, inda babu ruwa sai wanda 'yan dako suka ɗauko. A cikin ukun nan Horombo ce matattarar halaye, domin nan masu hawa ke gamuwa da masu saukowa, nan kuma iska ke fara ƙaranci, har ladabin da mutum ya taho da shi daga gida ya soma sulalewa.

Wanda za ka fara cin karo da shi a ɗakin cin abinci shi ne Ma'abucin Labari, wanda tun ba a kawo miya ba ya riga ya sanar da jama'a duwatsun da ya hau a Turai, ya kuma karanta musu cewa Hans Meyer, Bajamushe, da abokinsa Purtscheller ne suka fara kaiwa ƙololuwa a 1889, da irin muryar da za ka rantse shi ya riƙe musu jaka. Idan kuwa ja-gora, wanda tun yana saurayi yake hawa da sauka, ya ce a yi tafiya sannu sannu, sai ya yi masa gyara. Ujubu ciwo ne da malamai suka daɗe suna nema wa magani, amma dutsen nan yana warkar da shi cikin kwana ɗaya, gama a Kibo za ka tarar da mutumin ya rungumi bokiti, bakinsa ya mutu.

Mai Minshari ba shi da laifi a shari'a, tun da an ɗauke wa mai barci alƙalami. Abin da ke hana a yafe masa shi ne, bayan ya kwana yana girgiza katakon gadon sama da na ƙasa, shi ne farkon mai cewa da safe bai runtsa ba.

Akwai kuma Likitan Sa-kai, wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba, amma yana raba ƙwayar Diamox kamar goron ɗaurin aure, yana wajabta wa kowa ɗirkar ruwa. Da yake kuwa ƙwayar tana sa yawan fitsari, makewayi kuma yana waje cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, sakamakon fatawarsa shi ne ƙofa ba ta hutawa har asuba. Ƙaninsa a fitina shi ne Mai Lalube, wanda ko da yake hukuma ta haramta ledar cefane tun 2019, ya samo wata aba mai ƙara, ya ɗaura tocila a goshi, yana neman safa ɗaya da tsakar dare, duk inda ya juya sai ya haske idon wani bawan Allah.

Masu saukowa kuwa kashi biyu ne. Wanda ya taka ƙololuwar Uhuru, mita 5,895, leɓe a tsage, fuska a ƙone, bai da ƙarfin fahari. Ya sha shayi ya kwanta da takalmansa. Wanda ya juyo daga rabin hanya shi ke zama ya tara almajirai, yana kafa hujja cewa gajimare ya rufe ko'ina, waɗanda suka ƙarasa ma ba su ga kome ba, kuma dama shi albarkacin wata tsohuwa ya sauko, don kada ta dawo ita kaɗai. Tsohuwar kuwa, idan ka bincika wajen 'yan dako, sai su ce maka ai ta kai ƙololuwa tun fitowar rana.