Allah Ya Ja Zamanin Miskili

Ana yawan zargin marubutan littattafan soyayya da cewa mutane biyar ko shida kaɗai suka mallaka, su suke ta juyawa fiye da shekara talatin, sai dai a sauya musu suna da mota. Ni ban ga abin zargi a nan ba. Duk wanda ya zauna ƙasar Arewa ta Nijar ya san darajar abin da ba ya sauyawa. Damina takan yi mana alkawari ta saɓa, kuɗin tiyar hatsi a kasuwar Matankari ba ya kwana inda ya yini, iyakar Najeriya yau a buɗe gobe a rufe. Amma buɗe littafin da ya faɗo salularka ta WhatsApp daren jiya, za ka tarar da Miskili yana nan daram inda ka bar shi bara, ya ɗaure fuska, ya zuba hannu a aljihu, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo. Wannan shi ake kira riƙon amana.

Da shi ya kamata a fara, don shi ne babba. Shekarunsa ba sa wuce talatin da biyu, amma ya gama karatun likitan zuciya a Ingila, ya taɓa aikin soja har ya kai babban muƙami, yana tuƙa jirgin sama idan ransa ya ɓaci, kuma yana da kamfanoni a Dubai da Turkiyya waɗanda ba a taɓa faɗa mana abin da suke sayarwa ba. Aikinsa shi ne ya shiga ofis, ya sa hannu a takarda, ya fito da ciwon kai. Mahaifiyarsa Balarabiya ce ko Shuwa, don kada mai karatu ya tsaya tambayar inda ya samo hanci. Ya tsani mata, ya tsani hayaniya, ya tsani gaisuwa. Sai a yi shafi arba'in bai buɗe baki ba, in kuwa ya yi murmushi, ƴan aikin gida sukan tsaya su duba ko lafiya.

Dubi hikimar da ke ciki. Mutumin da ba ya magana ba sai an wahala wajen ƙirƙira masa hankali ba. Marubutan farko ba su gano wannan sirri ba, shi ya sa suka sha wuya. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubutu a 1933, Abubakar Imam ya zo da Ruwan Bagaja, ya ɗora wa kansa Alhaji Imam da Malam Zurƙe, mutum biyu masu baki, kowane da wayonsa, kullum sai an nemo musu sabuwar dabara da sabuwar amsa. Wahalar banza. Marubucin yau ya ce jaruminsa ya lumshe ido, ya furzar da iska mai zafi, ya taɓe baki, shi ke nan babi ya cika, a saurari ci gaba gobe bayan an tura kuɗin shiga rukuni.

Ga kuma tarbiyya. Miskili yakan fara da marin yarinyar a bakin titi saboda ta goga masa tiren talla a jikin mota. Ya kira ta ƙazama, ya kira ta baƙauya. Idan iyaye suka ɗaura musu aure, ya kulle ta a ɗaki wata shida ba ya amsa gaisuwarta, wani lokacin ma ya yi mata abin da a gaban alƙali sunansa laifi. Can wajen shafi na ɗari uku sai ta gane ashe duk so ne, bai san yadda zai faɗa ba. A Nijar, inda alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, wane darasi ne ya fi wannan dacewa? Yarinyar da aka cire daga lakwal aka kai ɗakin wanda ba ta sani ba, ga littafi a ƙarƙashin matashinta yana rarrashinta: ki daure, mai dukan nan miskilanci ne ke damun sa, jirgin Dubai na nan tafe. Abin da gwaggo da inna suka gaji da faɗa, ga shi adabi ya ɗauke musu kyauta.

Ita kuwa jarumar, tubarkalla. Marainiya ce, don iyaye masu rai suna ɓata labari. Fara ce sol, doguwa, mai dara-daran idanu da wushirya, gashi har gadon baya. Ta yi shekara goma sha biyar tana talla a rana, tana surfe da daka, tana jan guga, amma ko kanta ɗaya babu a tafinta, rana kuma ta ji kunyarta ba ta taɓa fatarta ba. Matanmu na Dallol Mawri da ke fita rijiya tun asuba ya kamata su binciki kansu, wataƙila ba su iya jan guga ba ne. Kuma kada hankalin kowa ya tashi cewa attajiri zai auri ɗiyar talaka: kafin a rufe littafi wata tsohuwa za ta yi ciwon ajali ta tona asiri, ashe ɗiyar sarki ce aka sace ranar suna, ko aka musanya a asibiti. Da haka kowa ya kwana lafiya. Kyau ya koma gidan sarauta inda ya fito, talauci ya zauna da baƙaƙen da suka dace da shi, masu sayar da man bilicin a kasuwar Dogondutsi kuma sun samu masu yi musu talla ba ko dala.

Gaskiya an taɓa yin ɓatan kai a wannan fage. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, ta ɗauko Rabi, matar aure mai ƴaƴa tara wadda miji ya kora saboda sabuwar amarya, ta sa ta sayar da abinci ta riƙe gidanta. A Wa Zai Auri Jahila? ta ɗauko Abu, wadda aka cire daga makaranta aka ba tsoho, ta gudu, ta yi karatu da kanta har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ina daɗin wannan? Mace ta fita daga wahala da guminta, babu yarima, babu gadon da aka ɓoye? Mai karatu sai ya ɗaga kai ya ga maƙwabciyarsa, ransa ya ɓaci. Har Indiyawa suka ɗauki littafin Rabi suka buga fassararsa da Ingilishi a 2012, abin da ke nuna ba su san abin da ake yayi ba. Shi ma Ado Ahmad Gidan Dabino, a In Da So Da Ƙauna na 1991, ya juya abin a baibai: yarinyar ce ɗiyar masu kuɗi, saurayin talaka, ga shi da ladabi. Alhamdu lillahi na baya sun gyara.

Kishiya da matar uba da uwar miji ba sai an tsaya a kansu ba, mutum ɗaya ce da zane uku. Baƙa ce, gajera, mai ƙiba, ba ta da wani dalili na mugunta sai dai an haife ta don ta yi. Ba a taɓa tambayar me ta ji ranar da aka yi mata kishiya ba, ko wa ya cuce ta tana ƙarama. Ƙarshenta hauka ko shanyewar ɓarin jiki. Amfaninta ɗaya: ita ke kai mu wurin boka.

Boka! A nan ne mu mutanen Arewa ya kamata mu miƙe tsaye mu yi godiya. Yana zaune a kan tsauni cikin baƙin daji, ya ɗaura jan ƙyalle, ƙoƙon kan mutum a gabansa, bai yi wanka ba tun da aka haife shi. Ba ya gaisawa sai da dariya mai girgiza kogo, ya san abin da ya kawo ki kafin ki faɗa, kuma kullum baƙin bunsuru yake so da wani abin da ba a faɗa a gaban yara. Daga Kano har Damagaram boka ɗaya ne, ban san yadda yake samun lokacin ganin kowa ba.

Da ba don shi ba, da sai marubuci ya zo nan ya wahala. Da sai ya je Bagaji ya tambayi mene ne Baura. Da sai ya je Lugu ya ji yadda ake naɗa Sarauniya, inda ake ɗaukar gawar wadda ta rasu a kan makara, a ce ita ke nuna magajiyarta, wato tarkama. Da sai ya ji labarin Tunguma, dutsen da mutane ke kai ƙara gabansa. Da sai ya zauna a gidan da ɗa ya dawo daga karatu ya zama limami, uwarsa kuwa ƴar bori ce tun kafin a haife shi, yana ƙin abin da take yi, yana kuma tsugunawa ya gaishe ta kowace safiya, ita tana alfahari da shi tana kuma ɓoye kayanta idan ta ji sallamarsa. Irin wannan gida ba a iya rubuta shi da jan ƙyalle da dariya, sai an san mutanen, sai an ji tausayin kowane ɓangare. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta taso daga Amurka ta zauna Dogondutsi, ta fitar da littafi sukutum a 2001 kan yadda bori da Musulunci ke zaman doya da manja a garin. Ita ta ga za ta iya. Namu marubutan Allah ya hutar da su, sun hutar da mu.

Haka suka rufa mana asiri game da Sarauniya Mangu. A watan Afrilun 1899 rundunar turawan Faransa Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, kafin ta je ta yi kisan da har yau ake tunawa a Birnin Ƙonni. Garuruwa da dama sun miƙa wuya ko sun watse. Mutanen Lugu, ƙarƙashin mace, suka tsaya da kibau a gaban bindiga, suka ja da baya cikin kurmi, ba a kama ta ba. Wata uku bayan haka sojojin turawan nan biyu suka juya musu baya suka kashe su. To, a duba da idon basira: wannan matar ta cancanci zama jaruma? Babu wanda ya auna tsawon gashinta. Ba a ce ta suma a hannun kowa ba. Ba ta jira wani ya zo da mota ya cece ta ba. Dole aka bar ta ga Abdoulaye Mamani, mutumin Gudumariya can gabas, ya rubuta ta da Faransanci a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da ita fim a 1986, aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Shi ma Mamani sai da ya yi mata kwaskwarima, ya mai da ita matashiyar mayaƙiya, alhali Sarauniyar Lugu da mutanen wurin suka sani mace ce mai zaman ɗaki da tsare al'ada. Ka ga ko da Faransanci sai an bi ƙa'ida.

Kada a ce an manta da mutumin Nijar a littattafan nan, sharri ne. Yana nan a bakin ƙofa da rawani da butar shayi, yana wangale wa Miskili ƙofa da gudu, a ba shi Hausa karyayya don a yi dariya. Idan kuma an rasa hanyar bayyana farin jaruma, sai a tuna da Agadas a ɗauko mata uwa Buzuwa. Matsayi biyu ke nan, wasu ƙasashen ko ɗaya ba su samu ba. Ba'are mai zane daga gefen baki zuwa kunne, wanda ke gama girbi ya ɗauki jaka ya tafi cin rani Legas ko Kwatano ko Libiya, da matar da ya bari da rumbu rabi da yara huɗu tana jiran kiran salula, waɗannan ai ba mutanen littafi ba ne. Mu ma fa muna da namu yariman da ya zo daga nesa: masu tarihin baka suna cewa Ari ɗan sarkin Barno ne ya auri ɗiyar gidan Baura, aka haifi Akazama, kakan sarakunan Arewa. Sai dai tsofaffinmu sun yi sakaci, ba su ce ya mare ta ranar da suka fara haɗuwa ba, labarin ya rasa armashi.

Hukuma ta taɓa gwada ƙarfinta da waɗannan bayin Allah. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Takarda ta ƙone, Miskili ko gezau. Ya kakkaɓe toka ya shige Wattpad da WhatsApp da YouTube, inda ake karanta shi da murya, har wadda ba ta taɓa zama aji ba tana sauraron sa tana tankaɗe. Da can sai an jira ɗan kasuwa ya ɗauko shi daga Kano ya ratso Sakkwato da Ƙonni. Yanzu kafin marubuciya ta aje waya ya iso Tibiri.

Saboda haka ina roƙon ƙannena na koleji da lise a Matankari da Dogondutsi da Tibiri, waɗanda hannunsu ya fara ƙaiƙayin rubutu: kada ku ɓata lokaci wajen kakanninku kuna tambayar abin da ya faru a Lugu, kada ku saurari hirar mata a bakin rijiya, kada ku kalli mahaifinku da kyau har ku gane abin da ke sa shi shiru. Ku buɗe babi na ɗaya da jerin motoci baƙaƙe guda bakwai, ku sa mai gadi ya ruga ya buɗe ƙofa, ku tabbata wanda ke kujerar baya bai amsa gaisuwarsa ba.