Yadda Ake Rabuwa Da Aikin Da Ya Zame Ƙarfen Ƙafa

Akwai ma'aikacin da ciwon kai ke kama shi kowace Lahadi da la'asar, ba ya sakinsa sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Irin wannan ciwo ba ya jin Panadol, shawara yake ji.

Abin da zai fara yi shi ne ya daina ƙirga shekaru. Da an ce ya leƙa wani wuri, sai ya dafe ƙirji: "Bayan duk wahalar da na sha a nan?" Gwamnatoci ma sun faɗa wannan rami. A 1962 Birtaniya da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar ƙera Concorde, jirgin saman da ya fi sauti gudu. Kuɗin aikin ya yi ta ninkuwa, kamfanonin da suka nuna sha'awar saye suka zame ɗaya bayan ɗaya, amma aka ci gaba da zuba kuɗi don an riga an zuba da yawa. Guda 20 kacal aka ƙera, 14 suka yi jigilar fasinja, aka jingine su a 2003. Shekarun da ma'aikaci ya kashe sun tafi, ko ya zauna ko ya tashi. Na gabansa ne kawai ke hannunsa.

Sannan ya san cewa zuciyarsa na yi masa ha'inci a awo. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba, daga baya suka kiyasta ya kai kusan ninki biyu. Shi ya sa tsohuwar kujerarsa da fankar da ke kuka a ofis suke zame masa dukiya da zarar ya tuna barinsu.

Steven Levitt na Jami'ar Shikago a Amurka ya gayyaci masu wasiwasin ko su sauya ko su zauna su jefa kwabo a intanet, aka yi jifa sama da 20,000. Bayan wata shida, waɗanda suka sauya sun fi waɗanda suka zauna bayyana farin ciki. Ba sai an nemi kwabo ba, shawarar manya da istihara sun wadatar.

"Me mutane za su ce?" Za su ce, tabbas. 'Yan majalisa za su tauna zancen kwana biyu, su koma kan ƙwallo da siyasa.

Sai dai kada fushi ya rubuta masa takardar ajiye aiki. Ya tara kuɗin cefane na 'yan watanni, ya koyi sana'a da yamma, ya sa rana, kuma uwargida ta ji daga bakinsa kafin ta ji a gidan biki. Wanda ke da iyali a wuya ya tabbatar ya kama wani abu kafin ya saki na hannunsa, amma neman ya fara shi a wannan makon.