Yadda "Wai" Ta Kai Mu Babura da Huhun Goro

A kowane dangi akwai mutum ɗaya da aka ɗora wa Turanci, kamar yadda ake ɗora wa wani fiɗar rago ranar Babbar Sallah. A namu dangin ni ne. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Kazaure, ina zaune a Kanti, saboda haka takardar asibiti, da saƙon banki, da duk wasiƙar da aka ga tambari a samanta, daga Roni ko daga Gwiwa ko daga ƙauyukan Yankwashi, a hannuna suke ƙarewa. Ba a biyana ko sisi. Ladan aikin shi ne a tsakiyar taro a ce "a tambayi Malam", ni kuwa in gyara zaman hula.

Ina da wani ƙani, ɗan wan mahaifina marigayi, yana aiki a Abuja. Tun da ya tafi ya manta cewa wayar hannu tana ɗaukar Hausa. Ya ga wata yarinya 'yar Babura, ya ce ita yake so, aka yi ta jiran a ji bakin mahaifinta, wani Alhaji dillalin riɗi. Waliyyin yaron kuwa Baffanmu na Roni ne, tsohon ɗan kasuwar hatsi, mutumin da bai yarda da bashi ba, bai yarda da dogon bayani ba. Wata Talata bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidana a bayan ɗan acaɓa, ya miƙo mini waya tun bai sauka ba.

"Karanta mini. Yaron nan ya sake aiko da yaren nasu."

Saƙon jimla ɗaya ne. Ƙarshensa ba shi da wuya: baban yarinya ya amince. Amma a farkonsa akwai wata kalma, apparently, da waƙafi a bayanta.

Yanzu ina so mai karatu ya bi ni a hankali, domin duk abin da na yi da hujja na yi shi. Tushen kalmar daga Latin yake, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, kuma ma'anar tushen ita ce bayyana, wato abu ya fito ido ya gan shi. Da 'yar'uwarta Turawan Ingila suke kiran yarima mai jiran gado, heir apparent, magajin da ba wanda za a haifa ya ture shi. Charles ya riƙe wannan matsayi daga 1952 har 2022, shekara 70 cur, kuma duk tsawon lokacin ba a taɓa samun mai cewa "wai" shi ne magajin Sarauniya ba. Duk wannan ya gilma a kaina kafin ɗan acaɓa ya kashe mashin.

Na ce, "Baffa, cewa ya yi a fili take, ƙiri-ƙiri, Alhaji ya amince."

"Ka tabbata?"

"Baffa, da irin wannan kalma Turawa suke naɗa yarima."

Ya ce, "Afarantili," yana ɗanɗana ta a baki, ya gyaɗa kai. Na ce ko za a kira yaron a ƙara ji? Ya ce abin da yake a fili ba a ƙona masa kati. Na lura yanzu ba wanda yake tuna cewa ni na kawo wannan shawarar.

Kafin Asabar Baffa ya gama shiri. Ya sayi huhun goro, ba ƙwarya ɗaya ko biyu ba, don kada mutanen Babura su raina mu. Ya haɗa da katan na alawa da dabino, ya ƙulle kuɗin gaisuwa a aljihun ciki. Ya aika wa Alhaji ta bakin wani direba cewa baƙi daga Roni suna tafe, bai ce kan me ba, tunda a ganinsa kowa ya san kan me. Aka yi shatar Golf. Baffa da limamin unguwarsu da wani abokin Baffa da kunne ya yi wa nauyi suka zauna a baya, ni aka ba ni gaba, wurin masu ilimi.

Muka baro duwatsun Roni da sanyin safiya, muka ratsa Kazaure muka nausa gabas. Farin ciki ya sa na buɗe musu aji a cikin mota. Na ba su labarin Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, yadda ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar masa da ƙasarsa. Na tuna musu cewa tun da aka cire Jigawa daga Kano a 1991 mu da Babura jiha ɗaya muke, amma su ƙasar Ringim ce, mu kuwa Kazaure, don haka wannan aure zai ƙulla masarautu biyu. Liman ya ce madalla da ilimi. Mai nauyin kunne ya ce shi ma ya fi son na gero.

Alhaji ya karɓe mu hannu bibbiyu. Aka shimfiɗa darduma a zaure, aka kawo ruwa da fura mai sanyi, aka yi gaisuwa har ta gaji da kanta. Goro yana cikin but ɗin mota yana jiran lokacinsa. Sai Baffa ya yi gyaran murya ya shiga magana irin ta manya, wadda ba a kiran abu da sunansa.

"Alhaji, mun zo ne kan abin alherin da ke gidanka, wanda yaronmu ya gani ya yaba."

Alhaji ya yi murmushi. "Ai masu gani su yaba suna da yawa. Shekaranjiya ma wasu suka zo daga Maigatari, na ce musu ni ba na gaggawa, sai wanda ya fi tsoka."

Baffa ya ɗan muskuta. Ya ce mu dai an shaida mana an riga an amince mana.

"In kun zo da kuɗi a hannu, me zai hana? Kuma ba yabon kai ba, irin nawa ba a samunsa ko'ina. An kakkaɓe, an sheƙe, ba ƙasa ba tsakuwa. Ku sa hannu har ƙasa ku duba."

Liman ya ƙware da fura. Ni kuwa na fara jin zufa tana gangarowa ta cikin hula.

"Buhu nawa kuke so?" in ji Alhaji.

Mai nauyin kunne, wanda duk zaman bai ji komai ba sai wannan, ya ɗaga murya ya ce, "Guda ɗaya tak! Yaron ma'aikaci ne, ba zai iya riƙe biyu ba!"

Ba zan iya kawo yadda aka warware zancen dalla-dalla ba, domin a lokacin idona yana kan zanen darduma. Abin da na riƙe shi ne Alhaji ya yi salati, ya rantse bai taɓa jin sunan yaronmu ba. Ya ƙara da cewa ko da ya ji, ai yarinya tana da baffanni, wurinsu ake zuwa, ba a tarar uba a zaurensa da maganar 'yarsa. Baffa ya zaro waya ya ce ga shaida a rubuce, kuma malamin Turanci guda ne ya fassara. Ido ya dawo kaina. Na miƙe zaune na fara bayanin Latin da Charles.

Akwai wani yaro da yake ta shige da fice da kwanukan fura, ƙanin yarinyar, bai fi ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba. Ya leƙa wayar ta saman kafaɗar Baffa ya ce, "Baba, ai wannan wai ce. Cewa ya yi wai ka amince."

Zauren ya yi tsit. Na ce wa yaron Turanci teku ne, kada ya yi wasa a bakinsa. Ya ce to, Malam, ya kwashi kwanuka ya shige.

Alhaji mutumin kirki ne, har bakin mota ya rako mu, ya cusa wa liman ƙullin riɗi. A hanyar dawowa aka sauya tsarin zama. Liman ya koma gaba, ni aka matse ni a tsakiyar baya, inda ƙarfe yake. Ba wanda ya ce uffan sai da muka hango Kazaure, sannan Baffa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shi Ɗan Tunkun naka da kansa sai da Sakkwato ta tabbatar masa. Kai kuwa ka kwashe mu mun je mun yi abin kunya a masarautar wasu."

Hukuncin da ya yanke shi ne in nemo inda maganar ta fito. Na kira ɗan Abuja, ya ce shi daga yayarsa ya ji. Yayar ta ce daga 'yar Gwaggo. 'Yar Gwaggo ta ce in je in tambayi uwarta. Haka na hau mashin na yi arewa zuwa Gwiwa, na tarar da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ko a jikinta.

"Ɗan nan, ni me na ce? Biki na je Babura, na haɗu da kakar yarinya, na yi mata zancen. Ta ce bari ta ji ta bakin ɗanta. Ta leƙa ta taga ta gaya masa, da kunnena na ji ya ce, to madalla, Allah ya tabbatar."

Na ce, "Gwaggo, me yake yi a lokacin?"

"Yana kishingiɗe da rediyo a kunne. Ana ta maganar za a raba takin zamani."

Ashe taki Alhaji ya yi wa addu'a. Daga taga zuwa Gwaggo maganar ta zama "ya ce madalla", daga Gwaggo zuwa 'yarta ta zama "kamar ya yarda", daga can zuwa Abuja ta zama "wai ya yarda". Duk wanda ta bi ta hannunsa ya maƙala mata 'yar alamar shakka, kuma ɗan Abuja, a ba shi haƙƙinsa, ya ɗauki wai ɗinsa ya sa mata rigar Turanci daidai jikinta.

Na koma gida na tone littattafai, don ba na barin suna ya zube a banza. Abin da na gano ya isa a gurfanar da Turawa. A ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, ma'anar kalmar ita ce abin da yake bayyane, a sarari, wato daidai fassarata. Daga baya ne suka lallaɓa suka juya ta. Yau in Bature ya sa ta a farkon magana, zame kansa yake yi: haka aka ce, ban gani da idona ba. In ya sa ta gaban siffa, ya ce mutum apparently lafiyayye ne, yana nufin a ido ne kawai, Allah kaɗai ya san cikin. In ka tambaye shi ko gaskiya ne ya amsa da ita kaɗai, ɗaga kafaɗa ya yi. Masana taurari ma da tushen nan suke kiran tafiyar da muke ganin rana tana yi daga gabas zuwa yamma, alhali ƙasa ce take juyawa. In kuwa tabbaci suke nufi, suna da obviously da clearly a ajiye. Ban ga laifinsu sosai ba da na tuna namu "a zahiri", wanda yakan nufi gaskiyar da ba musu, ya kuma nufi abin da baɗini zai ƙaryata. Amma mu aƙalla mun ware wai daban, ga alama daban, ashe daban, kowa da ɗakinsa.

Na kai wa Baffa wannan bincike har Roni, a rubuce. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba. Ya ce, "Wato fassararka daidai ce, ta makara ne da shekara ɗari biyu da wani abu." Na ce ana iya faɗin haka. Ya ce, "To shi wannan Janson ɗin, ɗan wace unguwa ne? A aika masa lissafin mota da goro." Da na ce ya rasu tun 1784, sai ya ce ai bashi ba ya mutuwa, magaji yake bi, kuma bai ga wani magajin Janson a ƙasar Kazaure ba sai ni. Ya aika aka kira ɗan Abuja, ya kafa doka: daga ranar, duk mai magana da shi ya danna wurin murya ya faɗa da Hausa.

Abin mamaki, auren ya yiwu. Labarin buhu ɗaya ya zaga Babura, baffannin yarinya suka yi dariya har suka ce dangin da suka iya ɗauko liman kan kalma guda ba za su wulaƙanta 'yarsu ba. Aka sake tafiya ta hanyar da ta dace, ba da ni ba. Ranar ɗaurin aure dai Baffa ya ce ba za a bar Malam ba aiki ba, ya tsayar da ni a ƙofar masallaci in kula da takalman baƙi. Aka shafa fatiha, aka fito, kowa ya zura nasa, sai limamin Roni ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama yana waige-waige. Har yau ba a ga ɗaya ƙafar ba, kuma maganar ta riga ta isa Gwiwa: wai ni aka gani na ƙarshe kusa da shi.